Su Wane da Wane na Taron Unguwa

Shekara shida ke nan ina riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban unguwarmu, kuma ba don cancanta aka ba ni ba. Ranar da aka kafa ƙungiyar ni kaɗai na zo da biro a aljihu. Liman ya dube ni ya ce, "Malam, ai ga sakatare Allah ya kawo mana," aka shafa fatiha, magana ta ƙare. Tun daga ranar, duk Lahadin farko ta wata bayan la'asar za ka same ni a gefen tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, ina rubuta abin da mutane suka ce, ina kuma kallon abin da suke yi. Tsakanin biyun akwai tafiyar yini guda a kan jaki.

Unguwar tamu tana gefen birnin Kano, irin waɗanda ake kira awon igiya. Da gonar dawa ce. Mai gonar ya rasu, magada suka kira dillali, dillali ya zo da igiya da turaku, aka yayyanka ta fuloti-fuloti, ƙafa hamsin-hamsin. A takarda, tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma mai son gini a birni sai ya bi ta hukumar tsara birane, wato KNUPDA, a duba masa zane. A aikace kuwa, abin da yawancinmu muka ɓoye a ƙasan akwati takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu biyu. Ita igiya ba ta san makaranta ba, ba ta san asibiti ba, ba ta san ta inda ruwan Agusta zai bi ba. Don haka duk abin da igiya ta manta shi ne aikin ƙungiyarmu: lambatu, hanya, tiransifoma, rijiyar burtsatse, rufin firamare, katangar maƙabarta, da ɗan abin da ake ba 'yan sintiri a ƙarshen wata.

Wanda ya fi kowa sammakon zuwa taro shi ne Baba tsohon ma'aikaci. Ya yi shekara talatin da biyar a ofis, ya ajiye aiki, amma aikin bai ajiye shi ba. Yana zuwa da kujerarsa ta roba saboda gwiwa, da tabarau mai igiya, da wani fayil da ya sha hannu har launinsa ya koma na ƙasa. Shi ya rubuta mana tsarin mulki mai shafi goma sha huɗu, wanda shi kaɗai ya taɓa karanta shi har ƙarshe. Kalmarsa ɗaya ce: "Ba a bi ƙa'ida ba." In aka ce lambatu ya toshe, ruwa ya shiga soron wane, a fito gobe da shebur, sai ya ɗaga hannu ya ce kafin a ɗauki shebur ya kamata a kafa ƙaramin kwamiti ya binciko dalilin toshewar, ya kawo rahoto cikin mako biyu. Dalilin kuwa yana nan a gabanmu yana ƙyalli, ledar ruwa ce da robar lemo da tsohuwar katifa. Baba yana yawan tuna mana zamanin duba-gari, lokacin da ake leƙa randar mutum a ci shi tara in an ga tsutsa, da kuma shekarar 1984 da sojoji suka koya wa mutane bin layi. Shara ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ake hana zirga-zirga daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe, ita ce ranar sallarsa. Yana fitowa da farar riga fes, hannu a goye a baya, yana nuna wa yara inda suka bari.

Na daɗe ina yi masa dariya a zuci, har ranar da aka wayi gari aka ga turaku a gefen filin makarantar firamare, wasu sun zo da magana cewa wurin gadonsu ne. Hankalin kowa ya tashi, ana ta zage-zage a majalisa, ba wanda yake da abin nunawa. Baba ya shiga gida ya fito da fayil ɗin nan, ya lashi yatsa, ya zaro kwafin wata wasiƙa da ya rubuta shekaru da suka wuce, mai hatimin karɓa, wadda ta bayyana iyakar filin daga bishiyar darbejiya zuwa turken wuta. Da ita aka je gaban dagaci, daga nan gaban hakimi, aka tuge turakun. Tun daga nan in ya ce ba a bi ƙa'ida ba, ina rubutawa da manyan baƙi. Katifar nan dai sai da ta ƙara sati uku a lambatu tana jiran rahoton kwamiti.

Bayansa sai Alhaji mai alkawari. Gidansa na uku ne daga wurin taro, amma a mota yake zuwa, kuma ba ya zuwa sai an kai kan maganar kuɗi. Zai gaisa da mai unguwa, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, baƙi ne suka tsare ni," ya gyara babbar riga ya tambaya, "Nawa ne gaba ɗaya?" A faɗa masa. Sai ya ɗan yi murmushi kamar an ambaci kuɗin goro, ya ce, "Malam Sakatare, rubuta rabi a kaina." Nan take wuri ya kaure da kabbara, liman ya yi masa doguwar addu'a har da iyaye da kakanni. Shi ke nan Alhaji ya karɓi ladansa tun a duniya. Daga ranar kuma ni da ma'aji mun shiga uku. Mai gadi ya ce ya yi tafiya. Ya dawo, yana hutawa. Ya huta, kaya suna kan ruwa ba su iso Legas ba. Sun iso, an riƙe su. Ba abin da zai faru a ƙasar nan da Alhaji ba zai samu mafaka a cikinsa ba. Da aka sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta yi wuya a farkon 2023, ya ce da ma kuɗin suna nan a ajiye, hanyar fito da su ce babu. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, ya ce ai yanzu lissafi ya rushe, a sake kiyasi. Aka sake, ya ce a rubuta rabi a kansa. In da alkawari yana zama siminti, da bashin da ke shafin Alhaji kaɗai ya gina mana lambatu har ya kai Jakara.

Akwai kuma waɗanda ba su cancanci dogon bayani ba, don su ma ba sa tsawaitawa. Akwai mai "na goyi baya", wanda yake goyon bayan mai magana, in wani ya tashi ya rushe maganar shi ma ya goya masa. Akwai mai zuwa ana addu'ar tashi ya ce a maimaita masa tun daga farko. Akwai mai gyangyaɗi da carbi a hannu, wanda kalmar "gudunmawa" kaɗai take farkar da shi, ya tuna ya bar abu a kan wuta, alhali mata uku gare shi. Akwai wanda ya yi Umara sau biyu ya biya ta Dubai, duk maganar da aka ɗauko sai ya ce, "Ai a can ba ka ganin lambatu, duk a ƙarƙashin ƙasa yake." Gaskiya ne kuwa, nasa ma ba a ganinsa, yashi da bola sun binne shi tun bara waccan.

Mai cin hanya shi ne wanda na fi jin daɗin kallo, domin aikinsa na haƙuri ne, irin na gara. Ba ya taɓa tashi rana ɗaya ya gina shago a kan hanya, ai wannan rashin kunya ne. Da bishiya yake farawa. Ya dasa 'yar darbejiya taku biyu daga katangarsa, ya ce sadaka ce mai gudana, kowa ya sa masa albarka. Akuyoyi suna cinye ta, dole a kewaye ta da bulo. Bishiya ta yi inuwa, ai bai kamata dattawa su zauna a ƙasa ba, sai dakali. Damina ta zo dakali yana jiƙewa, sai rumfar kwano. Rumfa ta samu, yaronsa yana zaman banza, sai tebur da 'yan kwalin ashana da sikari. Ɓarayi sun yi yawa, kaya ba sa kwana a fili, sai gini da ƙofar ƙarfe. Shekara huɗu, an sare bishiyar don ta tsaga bango, ga shago ya tsaya da rodinsa a sama yana jiran bene. Layin da dillali ya rantse ƙafa ashirin ya bari, yanzu in motar amarya ta shigo sai an naɗe madubi.

Abin da ya sa ya shiga wannan jerin shi ne bakinsa a wurin taro. Ba wanda ya kai shi jin zafin cin hanya, muddin ta maƙwabcinsa ce. "Jama'a, mu ji tsoron Allah, hanya haƙƙin kowa ce. Ranar da gobara ta tashi, ta ina motar kwana-kwana za ta shigo?" Yana faɗa yana kallon mutumin da ya haƙa shadda a waje. Shi kuma mai shaddar yana kallon mai garejin da ya fito da ƙofarsa. Shi mai gareji yana kallon sama. Sai mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce za a duba. Ba na ganin laifinsa. Kowanne daga cikinsu yana da takarda a gida, kuma sa hannu ɗaya ne a ƙasan dukkan takardun. Ranar da aka ji labarin an shafa jan fenti a gine-ginen unguwar da ke gaba da mu, a makon nan mai cin hanya ya biya kuɗin wata-wata na shekara biyu da ake binsa, ya kuma kawo shawarar a tura wakilai su je su nuna cewa mu mutane ne masu haɗin kai.

Ɗan'uwansa na jini shi ne mai tudu. Tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano cikin Janairun 2013, adaidaita sahu ya gaje titi, kuma duk lokacin da babban titi ya cushe, ko aka hango 'yan KAROTA a mahaɗa, sai 'yan sahu su kwararo ta cikin layinmu kamar ruwa ya samu gangare. Wata rana aka buge wani yaro, Allah ya kiyaye bai wuce buguwa a ƙafa ba. Taro ya amince a yi tudun rage gudu guda biyu, ɗaya a bakin layi, ɗaya a gaban Islamiyya. Mai tudu ya ce ai shi ma yana da 'ya'ya. Da daddare ya tara ɓaraguzan gini a ƙofar gidansa, ya lulluɓe da siminti, ya yi wani abu mai tsayin kunyar rogo. Maƙwabcinsa ya ga ba a fi shi son 'ya'ya ba, ya yi nasa ya fi tsini. Yanzu goma sha ɗaya ne daga farkon layi zuwa ƙarshe, na ƙirga da ƙafata. Mata suna cewa in aka ɗauko mai naƙuda daga ƙuryar layin, kafin a kai titi sai dai a juyo gida a yi barka. 'Yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka, sun ce rabin ruwan a hanya yake zubewa. Shi kuma mai tudu, da ya sayi 'yar ƙaramar mota, a taro na gaba shi ya fara kawo ƙorafin cewa salansa ta tsinke sau biyu, ya kamata a hukunta masu yin tudu ba izini.

Maganar wuta tana fito da wani iri na dabam, mai ƙwan fitila biyu. Sunan NEPA ya sauya tun 2005, aka sayar da rarraba wutar ga 'yan kasuwa a 2013, amma har gobe in wuta ta zo yaran da aka haifa bayan duk wannan "NEPA!" suke ihu. In tiransifomarmu ta buga, wadda ba ta yin wata takwas ba ta buga ba, sai a zauna karo-karo. Ƙa'idar Baba ta ce kowa ya biya gwargwadon abin da yake sha. A nan ne za ka gane unguwarmu ta masu gudun duniya ce. Kowa ƙwai biyu gare shi da fanka ɗaya, ita ma fankar ta lalace. Mai walda ya ce shi da janareta yake aiki. Mai injin markaɗe ya ce ai nasa na fetur ne. Wani bawan Allah ya rantse ko dutsen guga babu a gidansa, daidai lokacin 'yarsa ta wuto ta gaban tabarma da kula cike da ƙanƙarar sayarwa. Ba wanda ya yi dariya, don duk wanda ya dara to a gidansa za a fara bincike.

Kuɗin da aka samu da ƙyar suna tafiya hannun ma'aji, kuma a nan ake yin wasan da ba ya tsufa. Ma'ajinmu mutumin kirki ne, mai shagon hatsi, ban taɓa zarginsa da cin ƙwandala ba. Matsalarsa ɗaya, a ka yake lissafi. Rasit kuwa a aljihun riga yake ajiyewa, rigar kuma ana kai ta wanki. In aka ce ya karanto abin da ya shiga da abin da ya fita, sai ya zaro wasu dunƙulallun takardu masu ƙamshin sabulu, ya ce wannan na siminti ne ko na yashi, Allah dai shi ne shaida. Gefe guda kuma ga mai zargi yana jira. Shi wannan bai taɓa ba da sisi ba tun kafa ƙungiya, kuma hujjarsa ke nan: ba zai zuba kuɗinsa a rijiyar da ba a ga ƙasanta ba. "Ina kuɗin bara? Ina na tifa uku da aka ce an sayo? Ni biyu na gani." Ma'aji ya fusata ya cire hula ya ajiye littafi ya ce ya sauka, a nemi wani. A yi tsit. Liman ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, shugabanci sai da haƙuri." Wani ya ce to a ba mai zargi ajiyar mana. Nan take ya ce shi harkokinsa sun yi yawa. Ma'aji ya mayar da hularsa. Sau tara na rubuta wannan murabus ɗin, har na daina ɓata tawada, sai in sa "kamar yadda aka saba".

Shekarar zaɓe tana kawo mana baƙon da ɗan unguwa ne. Shekara uku ba ka ganinsa sai a hoto, sai ga shi ya dawo da sabuwar hula mai launin gidansu, yana kiran kowa "babana". Ya zo da gaisuwa daga Yallaɓai, Yallaɓai yana sane da halin da layinmu yake ciki, har ba ya iya barci. Ana saura kwana goma zaɓe tifa biyu suka juye burji a bakin layi, aka ɗauki hoto. Ba a baje shi ba. Yara suka samu dutsen hawa, masu gini suka riƙa ɗiba da daddare a baro, ragowar kuma ruwan farko ya kwashe ya zuba a lambatun da muka yashe da hannunmu. Haka aka yi a 2019, aka maimaita a 2023, tudun ma a wuri ɗaya aka juye shi. Da muka gyara rijiyar burtsatse da kuɗinmu, ya zo da mai fenti zai rubuta sunan Yallaɓai a jikin tankin, wai don a ƙarfafa masa gwiwa ya yi mana wata.

Makaranta kuwa mutum biyu take haifarwa, kuma ba sa ga maciji da juna. Firamarenmu ta girmi unguwar, tun ta ƙauyen da birni ya haɗiye ce, irin ajujuwan da aka gina lokacin shirin ilimin firamare na bai ɗaya a 1976. An yi ta don 'ya'yan manoma 'yan kaɗan, yanzu 'ya'yan fuloti ɗari-ɗari ne suke tururuwa cikinta. Na leƙa aji uku wata safiya, na ga yara a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, malama tana tsaye a bakin ƙofa don ba wurin taka ƙafa, rana kuma ta shigo ta inda iska ta yaye kwano ta zauna a kan allo. Na farko a cikin mutum biyun nan shi ne mai "ai kyauta ne". Tun da gwamnatin jiha ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019 ya samu abin riƙewa. 'Ya'yansa bakwai ne a makarantar, amma in aka ce a kawo kuɗin benci sai ya ce shi ba zai taya gwamnati aikinta ba, kada ta saba. Na biyu shi ne shugaban kwamitin makaranta, mutum mai tsari da iya magana, wanda nasa 'ya'yan motar makarantar kuɗi take ɗauka ƙarfe bakwai. Shi kuma shawararsa ita ce a fara da fenti da allon suna mai kyau a bakin ƙofa, don makaranta kwarjini ce. Suka yi wata uku suna musu a kan benci da fenti, kwano yana nan a yaye.

Wanda ya rufe ajin ba ya cikin masu magana. Wani kafinta ne da ke zama can ƙarshen tabarma kusa da takalma, wanda in an zo kansa sai ya ce, "Duk yadda manya suka yanke." Wata Asabar ya zo da tsani da yaransa biyu da ragowar kwanon wani aiki da mai shi ya bar masa, kafin azahar ya gama ya tafi. A taro na gaba shugaban kwamiti ya ba da rahoton cewa kwamitinsa ya yi nasarar kammala kashin farko na gyaran makaranta. Kafintan ma ya tafa.

Matasa ba su da wuri a tabarma, a tsaye suke daga baya, jingine da bango. Kwana ashirin da tara a wata sunansu 'yan zaman kashe wando. Ranar aikin gayya sai su koma "'ya'yanmu masu albarka". Su ne a cikin lambatu har gwiwa, su ne da baro, su ne suke kwana da tocila da gora in ɓarayin waya sun dami layi. Abin da suke nema a wurinmu ɗaya ne tak, a bar musu kangon filin da suke buga ƙwallo. Dattawa kuma kowa da abin da yake hangowa a filin: wani shaguna don ƙungiya ta samu kuɗin shiga, wani ƙarin ajin Islamiyya, dillali kuma, wanda ba ya fashin taro ko da zazzaɓi yake, yana zaune shiru yana auna shi da ido. Akwai jagoransu, wani mai digiri da bai samu aiki ba, wanda ya ce a daina ɓata lokaci, a ɗauki bidiyon lambatun a sa a Facebook, gobe-gobe za a zo. Aka sa. Mutane da yawa suka yi Allah wadai, wasu daga Saudiyya ma. Washegari shi da kansa ya shiga lambatun da shebur, kuma ban ji ya sake ambatar bidiyo ba.

Mata ba sa zuwa taron, amma ban taɓa ganin abin da aka yanke a tabarma ya tabbata ba tare da an sake yanke shi a tsakar gida ba. Sau da yawa mutum zai amince da abu da yamma da babbar murya, da safe ya same ni a masallaci ya ce, "Malam, maganar jiya, na sake tunani." Na san wanda ya yi masa tunanin. A cikinsu akwai uwar adashi, wata Hajiya mai sayar da atamfa, wadda ta san abin da ke cikin tukunyar kowane gida. Lokacin da famfon rijiyar burtsatse ya ƙone, mu maza muka yi zama uku: na farko a kan wanda ya ƙona shi, na biyu a kan ko a koma sola, na uku a kan wanda ya ce a koma sola yana da ƙani mai sayar da sola. Ita kuwa jarkar 'yan garuwa ta ishe ta. Ta yafa mayafi ta bi gida-gida da 'yar jakarta, ɗari biyu nan, ɗari biyar can, wadda ba ta da kuɗi ta ba da mudun gero a sayar. Har gidan Alhaji mai alkawari ta shiga, ta wuce mai gadi, ta zauna a ɗakin uwargida ta ce ba ta tashi. Abin da ni da ma'aji muka kasa a shekara huɗu, ta fito da shi kafin magariba. Kwana shida ruwa ya dawo. Ta aiko jikanta da ragowar canji ƙulle a leda, da takarda mai sunan kowace mace da abin da ta bayar, ba ko ɗigon sabulu a jiki. Baba ya duba takardar sama da ƙasa ya ce aikin ya yi kyau, sai dai ba a bi ƙa'ida ba. Taro ya miƙa godiya ta musamman ga shugaban ƙungiya bisa jajircewarsa.

Saura mutum ɗaya, mai biro. Shi wannan ba ya faɗa da kowa, ba ya alkawari, ba ya zargi. Yana zaune a gefe yana murmushi, kowa yana ganin ba ruwansa. Amma shi yake zaɓar abin da zai shiga littafi. In aka yi zage-zage har aka riƙe wani, sai ya rubuta "an yi musayar ra'ayi". In aka watse ba a cim ma komai ba, ya rubuta "an ɗage don faɗaɗa tuntuɓa". Kuma yana da ɗan dakali a ƙofar gidansa. Ba babba ba ne, taku ɗaya da rabi ne kawai, don mahaifiyarsa in ta zo ta riƙa shan iska. Bara ya ɗora masa 'yar rumfa saboda rana.

A taron watan jiya mai cin hanya, da aka matsa masa, ya juyo ya nuna ni da baki ya ce, "To ai har Malam Sakatare ma, a auna nasa mana." Mai unguwa ya ce za a duba. Baba ya ce a tabbata an shigar da maganar cikin ajandar wata mai zuwa. Na ce to, Baba, in sha Allahu. Na sunkuya zan rubuta, sai biron ya ƙi kamawa. Na yarfa shi, na hura masa iska, na goga a tafin hannu, ina cikin haka ladan ya kira magariba, kowa ya tashi neman takalminsa.